Gurbin da Farfesa Ya Ba Hafsatu

"Ashe a bakin baƙo zan ji?"

Abin da Abdulhadi ya fara faɗa ke nan da suka fito daga ƙofar jami'a a Giza ta ƙasar Masar. Hafsatu ta rungume jakarta a ƙirji. Ya zo rakiyarta ne kamar yadda ya saba, suka ci karo da malaminta a bakin matakala. Tsohon ya rusuna ya gaishe shi, ya taya shi murna da guntun Larabcinsa, wai amaryarsa ta samu gurbin digiri na uku a Japan.

"Ban amsa masa ba, wallahi. Hanyar da zan gaya maka nake nema..."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin azumi."

Ya raka ta har tashar jirgin ƙasa na metro, ya ga ta shiga taragon mata, shi kuma bai hau ba.

Malamin nata, Farfesa Tsurugaya, ɗan Japan ne, ya doshi saba'in. Tun yana saurayi ba abin da ya sa a gaba sai maganaɗisu: me ke sa ƙwayoyin lantarkin da ke cikin ƙarfe su fuskanci waje guda, me ke sa su watse. Shi ba mai taɓa na'ura ba ne, alli da allo ne kayan aikinsa. An daɗe ana yi wa lissafinsa kallon mafarki, sai da ya yi furfura masu ƙera ma'ajiyar waya suka dawo suna nemansa. Koyarwa ta ɗan lokaci ta kawo shi Alƙahira, yanzu zai koma birnin Sendai na Japan, kuma ɗaliba ɗaya yake so ya tafi da ita kafin ya ajiye aiki.

Shi kuwa Abdulhadi fiƙihu yake karanta, bana zai gama. Shi kaɗai ne ɗa namiji a wajen mahaifiyarsa Inna, wadda idonta ya tafi, tana Haɗeja tana jiran dawowarsa. An riga an sa bikinsu bayan Babbar Sallah.

A gida mahaifiyarta Ummi ta saurare ta har ƙarshe, ta ce irin Abdulhadi ba a samunsa kullum, ta shige kicin tana share ido. Abbanta, Malam Gidaɗo, wanda aikinsa a ofishin jakadanci ya kusa ƙarewa, cewa ya yi shi ba zai zaɓa mata ba, ta yi istihara.

Ta yi, amma hankalinta bai kwanta ba. Ta kira Abdulhadi, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta tura saƙo, ya karanta ya yi shiru. Abinci ya daina shiga. Ko a ƙaramar motar haya ta mikrobas ta hango mai farar jallabiya sai ta ɗauka shi ne. Har unguwarsu Hay el-Sabi' ta je, ta tsaya a ƙasan benensu, kunya ta hana ta aika a kira shi.

A ƙarshe ta yanke: in ta gama gabatar da aikinta ranar Alhamis, za ta ce wa Farfesa ya yi haƙuri.

Ranar Alhamis a sanyaye ta fara gabatarwar. Amma da Farfesa ya ɗaga hannu ya ce bai yarda da layi na uku ba, sai ta manta da komai. Ta goge allon, ta sake jero lissafin, ya ja, ta ja, hijabinta duk ya yi fari da alli. Can tsohon ya cire tabarau ya yi dariya, ya ce ta kayar da shi.

Ta juyo tana murmushi, sai ga Abdulhadi a kujerar ƙarshe. Allin ya suɓuce daga hannunta.

Bayan an tashi suka taka har gadar da ke kan kogin Nilu. Ya jingina da ƙarfen, idonsa a kan ruwa. Ya ce shi ya je ya roƙi Farfesa izinin zama, don ya ga abin da ake neman raba shi da ita a kansa. Ko kalma ɗaya bai gane ba.

"Amma fuskarki na gane. Ban taɓa ganinta haka ba, Hafsa, ko a gabana."

"Zan ce masa a'a. Halas, na riga na yanke..."

"Kar ki ce."

"To mu tafi tare."

Ya girgiza kai. Inna ba ta da wani sai shi, ya ce, ba zai iya barinta ba.

"Sakina za ka yi ke nan tun ba a ɗaura ba?"

"Wa ya ce? Na kira Inna jiya. Ta ce a ɗaura, ki je ki karanto, ita dai ki riƙa kiranta tana jin muryarki." Ya juyo ya dube ta. "Ma'alish, yi haƙuri, rabin raina. Tsoro ne ya hana ni ɗaukar wayarki. Har yanzu ma ina jinsa."

"Ni ma."

A wani ƙaramin masallaci a unguwar Abbasiya ta Alƙahira aka ɗaura auren. Farfesa ya zo da baƙar kwat, ya cire takalmi, ya zauna a sahun baya yana kallon kowa.

Ba su daɗe a ɗakinsu ba ranar tafiya ta zo. Jirginta ne ya riga nasa na komawa gida tashi. A filin jirgi ya gyara mata igiyar jaka, ya ce ƙasar akwai sanyi, kar ta yi wasa da abinci. Ta kama hannunsa ta riƙe gam har aka sake kiran fasinjoji.

"Yalla, matata," ya ce a hankali. "Tafi kafin in fasa."

Ta tafi tana kuka, ba ta yarda ta waiwaya ba.