Tankar da ta yi gaba babu batir

Injiniya ake ce masa, amma gyaran rediyo yake yi. Abin da ya fi ƙauna kuwa shi ne haɗa ƙananan tankokin yaƙi masu rimot. A kwali suke zuwa gunduwa-gunduwa, ya zauna ya ɗaura sarƙa, ya jona waya, ya shafa fenti. Matarsa kan yi masa tsiya: "Baban yara, ka yi furfura ba ka gama wasan ƙasa ba."

Ranar da ya gama wata babba, rana ta kusa faɗuwa, amma ya kasa haƙuri. Ya saɓe ta sai filin bayan tsohon sito, inda siminti yake a shimfiɗe. Tsoho mai gadi yana zaune a bakin ƙofa.

"Injiniya, da ka bari sai da safe."

"Yanzu zan fito, Baba."

Tankar ta tashi lafiya. Sarƙa na ƙaras-ƙaras a kan siminti, bindigar na juyawa yadda ya so. Ya tura ta can wajen wata rusasshiyar katanga. Sai ta yi tsalle, kamar ta taka wani abu mai laushi. Wani siririn kuka ya fito, ya yanke.

Ta tsaya cak.

Ya zaci giyar injin ce ta ci sarƙa. Ya je ya ɗaga ta, ya duba, komai daidai. Sai dai ta yi nauyi, kuma jikinta da ɗumi kamar na mai zazzaɓi. Wani ƙauri ya bugi hancinsa, irin na gashin da aka babbake. Ya ce a ransa waya ce ta ƙone. Ya ɓalle murfi, ya zare batir, ya jefa a aljihu, ya ajiye ta ƙasa.

Bindigar ta juyo a hankali. Ta kalle shi.

Ya laluba aljihu. Batir na nan.

Tsuntsaye sun yi shiru. Tankar ta soma tafiya, ta nufi wani baƙin rami a gindin katangar. Daga cikin ramin wata murya ta fito, ta mace, ƙasa-ƙasa.

"Wa ya taka min ɗa?"

Ya so ya juya, sai ya ji rimot na motsi a hannunsa. Sandar tuƙin da ke jikin rimot ɗin ta tura kanta gaba.

Ƙafarsa ta dama ta ɗaga da kanta.

Ta hagu ta bi.

Sandar ta karkata, shi ma ya karkata. Yana bin tankar, yana jin numfashi mai zafi na fitowa daga ramin. Ya buɗe baki zai yi salati, harshe ya ƙi.

"Matso," in ji muryar. "Ka ji yadda ya ji."

Yatsun ƙafarsa suka shiga duhun. Wani abu mai sanyi ya zagaye idon sawunsa.

Sai ga sanda, ƙwal, a bayan hannunsa. Rimot ya faɗi ya tarwatse. Mai gadi ne, ya cafko wuyan rigarsa yana ja, yana addu'a da ƙarfi.

"Kar ka waiwaya, ɗana! Gudu!"

Suka fita da rarrafe da tuntuɓe. Takalmin Injiniya ɗaya ya zauna a can, tare da tankar.

Ya daɗe yana jinya. Da ya miƙe, da kansa ya ce wa matarsa ta kwashe sauran tankokin daga shagonsa, ita kuwa ba ta tambaye shi dalili ba. Yana nan yana gyaran rediyonsa. Amma duk ranar da wani yaro ya wuce da motar wasa mai rimot, za ka ga Injiniya ya ajiye aiki, ya rungume ƙyauren shago da hannu biyu, har sai yaron ya sha kwana.