Shafukan Ƙarshen Littafin Jiragen Tururi

Ni dai ban taɓa kai littafi ƙarshe ba, shafi uku barci ke sace ni. Don haka kada a tambaye ni daɗin wannan, labarin wanda ya karanta shi kawai na sani.

Mai gyaran agogo ne, shagonsa na kallon na 'yar yayana mai sayar da tsofaffin littattafai. Wata biyu yana satar kallonta kafin ya yi ta maza ya tsallaka titi. Ta miƙo masa wani littafi mai yagaggen bango: birnin da jiragensa ke tashi da tururi, mutanen tagulla masu zuciyar agogo, da wani mai zuba gawayi a tukunyar jirgi da aka raba da masoyiyarsa.

Bayan kwana uku ya turo saƙo: "Malama, injinan nan ƙarya ne, ko motsi ba za su yi ba. Amma babu shafukan ƙarshe. Sun haɗu?"

"Ka zo gobe, Sarkin Gardama, in faɗa maka."

Ya zo. Kullum sai ta gutsura masa kaɗan, ta tsaya daidai inda ransa ya rataya. Ya koma shago, agoguna arba'in na bugawa, kowanne na ƙirga masa nisan gobe.

Da maganar aurensu ta kai gida, mahaifinta ya ce atafau. "Mai kuka don mutumin takarda ne zai riƙe iyali?" Ga wani mai kemis na zarya da motarsa, shi ma yana nemanta. Aka hana ta fitowa shago, sati shida.

"Hasken idona," ya rubuta, "mai gawayin nan yana can rataye a sama. Ni ma haka."

Sai ya je ya durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, a ba ni agogon bangon nan in duba."

Na marigayiya mahaifiyarta ne, shekara tara bai motsa ba. Ranar da ya buga, yayana ya juya baya yana goge ido, wai ƙwaro ne ya faɗa masa.

Aka ɗaura aure, muka sa albarka, Allah ya ba da zaman lafiya. Ango na gaya wa kowa littafin ba shi da na biyu, musamman ƙarshensa, inda masoyan suka haɗu a kan gajimare.

Amarya kuwa har yau ba ta karanta ko shafi ɗaya ba.