Mai Tumbi da Ƙazamin Soso

A garin Sneek, a wani layi da ke bakin ruwa, akwai wata yarinya 'yar shekara goma. Yarinyar tana da kai, wannan ba mai musu. Ita ke gyara cen ɗin kekenta idan ya fita. Tana soya ƙwai bai ƙone ba. Matsalarta ɗaya ce tak. Ba ta bari a gama yi mata magana.

Da ka buɗe baki, sai ta ce, "Ai na sani."

Ƙanenta Jelmer ya sa mata suna Malama Na-sani. Ita kuwa ko a jikinta.

Kakanta Wiebe yana zaune shi kaɗai a ƙarshen layin. A kusurwar falonsa akwai babban tankin gilashi mai ruwa da ciyayi. A ciki yake kiwon 'yan kifayen nan da ake kira gupi. Tsawonsu bai kai ɗan yatsa ba. Mazan ƙanana ne masu jar wutsiya. Matan sun fi girma, amma ba su da ado sosai.

Ba a kanti Kaka ya sayi waɗannan ba. Shi da marigayiya matarsa suka fara kiwon kakanninsu, tun maman yarinyar tana ƙarama. Suka haihu, 'ya'yansu suka haihu, har yau jinin nan ne. Kaka ya san kowane kifi. Akwai wata mace da cikinta ya yi tim, yana ce mata Mai Tumbi. Gupi ba ta saka ƙwai kamar sauran kifaye, haihuwa take yi. Mai Tumbi kuwa ta kusa.

Ranar Litinin aka shirya kai Kaka asibiti don a yi masa aiki a gwiwa. Ya kira jikarsa, ya ba ta makullin gidan.

Ya ce, "Kifayena suna hannunki har Asabar. Abinci sau ɗaya da safe. Abin da yatsu biyu suka tsinta ya isa."

"Ai na sani."

"Fitilar tankin kuma da kanta take..."

"Na sani, Kaka."

"Saura maganar soson da ke cikin injin tace ruwa. Wannan soson..."

"Kaka, na sani! Mama tana jira a mota."

Kaka ya girgiza kai yana dariya. Ya ce, "To, sarkin sani. Allah Ya sa abin da kika sani ya ishi kifayen."

Ranar Laraba aka tashi makaranta da tsakar rana kamar kullum. Mama tana wurin aiki. Yarinyar ta nufi gidan Kaka, Jelmer yana biye da ita yana cin burodi da cuku.

Ta tsaya gaban tankin ta riƙe ƙugu. Ta ga ɗan kore-kore a jikin gilashi. Ta buɗe injin tace ruwa, ta zaro soson. Ya yi baƙi-baƙi, yana santsi, yana warin ƙasa.

Ta ce, "Tir! Dubi ƙazanta. Kaka ya tsufa, ba ya gani sosai. Zan wanke komai, ranar Asabar ya sha mamaki."

Jelmer ya ce, "Kin tambayi Mama?"

"Kai dai ci burodinka."

"Ko ki bari Kaka ya dawo."

"Jelmer, wa aka bai wa makulli, ni ko kai?"

Ta naɗe hannun riga. Ta kwashe kifayen da 'yar raga, ta zuba su a bokiti. Ta zubar da tsohon ruwan duka. Ta wanke tsakuwar da ruwan zafi. Soson kuwa shi ya fi shan wuya. Ta sa masa sabulun wanke-wanke, ta cuɗa, ta ɗauraye, ta sake cuɗawa, har ya koma kamar sabo.

Sai ta cika tankin da ruwan famfo mai sanyi, ta mayar da kifayen.

Gaskiya tankin ya yi kyau. Gilashin yana ta ƙyalli. Ta koma gida tana tafiya da ƙyar don jin kai.

Washegari da safe, kafin makaranta, ita da Jelmer suka je ba kifayen abinci. Tana shiga falon ta tsaya cik.

Ruwan ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara. Kifayen sun taru a sama suna ta buɗe baki. Uku suna kwance a ƙasa ba motsi. Cikinsu har da wani tsohon namiji mai doguwar wutsiya, wanda Kaka ya fi so. Mai Tumbi tana can lungu, ta manne fikafikanta a jiki.

Gabanta ya faɗi. Ta ce, "Amma ai wankewa na yi. Wankewa kawai na yi!"

Jelmer bai tsokane ta ba wannan karon. Ya matso ya ce a hankali, "Mu fasa asusuna. Mu sayo wasu a kanti. Kaka ba zai gane ba."

Dabarar ta so ta shiga ranta. Sai ta dubi Mai Tumbi.

Ta ce, "Zai gane. Kuma ko na sayo sababbi, waɗannan fa? In bar su su mutu?"

Ta fita da gudu. Ta tarar da Mama tana sa rigar ruwa. Ta faɗa mata komai, tana magana tana kuka.

Mama ta ce, "Share hawayenki. Ni ban san kan kifi ba. Kakanki kuma jiya aka yi masa aiki, ba zan ta da masa hankali ba. Wa kuma ya san gupi?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai. Ta san amsar, amma ba ta so ta faɗa. A ajinsu akwai ƙaramin tanki. Bara Kaka ya ba ajin kyautar 'yan kifaye, malamarsu Marrit ce ke kula da su. Kuma a makon da ya wuce, yarinyar ta toshe hanci a gaban kowa, ta ce injin tankin ajin ƙazami ne.

Ta ce, "Malama Marrit. Amma Mama, kunya nake ji."

Mama ta ce, "To zaɓi ɗaya. Kunyarki ko ran kifayen?"

Ita da Mama da Jelmer suka hau kekunansu, suka nufi makaranta. Ana yayyafi, iska tana tura su baya, amma yarinyar ta riga kowa isa.

Ta sami Malama Marrit tana jera littattafai. Yara sun fara shigowa. Ta tsaya a gabanta ta faɗi abin da ta yi, ba ta rage komai ba.

Malama ta ce, "Da sabulu?"

"Eh, Malama."

"Da ruwan sanyi kuma?"

"Eh."

Malama ta ja numfashi. Ta kama hannunta suka je gaban tankin ajin. Ta zaro soson injin. Shi ma ya yi baƙi-baƙi, yana santsi.

Ta ce, "Me kika gani?"

"Datti."

"Ba datti kawai ba ne. Wannan soson gida ne. Akwai wasu ƙananan halittu a cikinsa, ido ba ya ganinsu. Kifi yana kashi a cikin ruwan da yake zaune. Kashin nan yana zama guba. Waɗannan halittun su ke cinye gubar, ruwan ya zauna lafiya."

"Ai na..." Yarinyar ta fara, sai ta kama bakinta. Ba ta sani ba. Ko kaɗan ba ta sani ba.

Malama ta ci gaba. "Ke kuma kin kashe su da sabulu da ruwan zafi. Sabulun da ya maƙale a soson yana ƙona wa kifayen wurin numfashi. Ga sanyi a kai. Gupi kifin ƙasar zafi ne."

"Za su mutu duka?"

"Idan muka yi sauri, ba duka ba."

Malama ta ɗauko almakashi, ta raba soson ajin biyu. Ta sa rabi a kwalba, ta cika ta da ruwan tankin, ta rufe.

Wani yaro daga baya ya ce, "Kai jama'a! Malama Na-sani ta zo roƙon datti."

Ajin ya fashe da dariya. Kunya ta kama yarinyar. Amma ta karɓi kwalbar da hannu biyu.

Malama ta ce, "Saurara da kyau. Ki jefar da soson da kika sa wa sabulu. Ki sa wannan a madadinsa. Kada ki wanke shi, kada ki bari ya bushe. Ki kwashe rabin ruwan tankin, ki zuba sabo mai ɗumi-ɗumi. Yau ba abinci. Gobe ki sake sauya ruwan haka."

Yarinyar ta jira har Malama ta gama. Sannan ta ce, "Malama, ta yaya zan gane ɗumin ya yi daidai?"

Malama ta yi murmushi. Ta ce, "Yauwa, tambaya mai kyau. Akwai ma'aunin zafi a jikin gilashin kakanki. Inda aka yi kore, nan ake so ya tsaya. Ki tafi da mamanki, ki dawo in kin gama."

Ta sa kwalbar cikin rigarta don kada sanyi ya kama ta. Ta tuƙa keken a hankali, tana kauce wa kowane rami. Abin da ta kira ƙazanta jiya, yau shi take lallaɓawa.

Ita da Mama suka yi duk yadda aka ce. Ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Ta binne matattun ukun a gindin furen bayan gida.

Ranar Juma'a ruwan ya fara washewa. Kifayen suka sauko daga sama, suka fara yawo. Amma Mai Tumbi ta shige cikin ciyayi, ta ƙi fitowa. Yarinyar ta leƙa ta nan, ta leƙa ta can, ba ta gan ta ba. Ranar yarinyar ko abincin kirki ba ta ci ba.

Ranar Asabar Mama ta dawo da Kaka, yana dogara sanduna biyu. Jikarsa ta tare shi a bakin ƙofa.

Ta ce, "Kaka, tsaya. Kafin ka shiga, akwai abin da zan faɗa maka."

Ta faɗa masa. Ya taka a hankali har gaban tankin, ya zauna a kujerarsa. Ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Tsohona mai doguwar wutsiya ba ya nan."

"Ya mutu, Kaka. Ni na jawo. Ka yafe mini."

"Ya yi mini zafi, ba zan ɓoye miki ba. Maganar soson nan nake son faɗa miki ranar Litinin."

"Na tuna. Ban bari ka gama ba."

Kaka ya dafa kanta. Ya ce, "Amma ba ki ɓoye ba. Kin nemi taimako, kin cece sauran. Na yafe miki."

Suna cikin haka, sai ga Mai Tumbi ta fito daga ciyayi. Cikin nan nata ya ɓace. Ta zama siririya.

Yarinyar ta yi ihu. "Wayyo, Kaka, ta rame! Ita ma mutuwa za ta yi!"

Kaka ya gyara tabarau, ya matso da fuskarsa. Sai ya tuntsire da dariya, har ya riƙe gwiwarsa mai ciwo.

Ya ce, "Ramewa? Zo nan. Dubi ƙarƙashin wannan ganyen."

Ta duba. Da farko ba ta ga komai ba. Can sai wani ɗan abu ya motsa, ido biyu da 'yar wutsiya. Ga wani. Ga wani kuma a bayansa. Ciyayin cike suke da jarirai.

"Ta haihu! Jelmer, zo ka gani, ta haihu!"

Idon Kaka ya ciko da hawaye. Ya ce, "Jinin kifayen kakarki bai yanke ba." Ya share ido, ya juyo ya dube ta. "Amma aiki ya same mu. Manyan gupi suna cinye jarirai idan aka yi sake. Kin san abin da ake yi?"

Bakinta ya buɗe da kansa. Jelmer ya zuba mata ido yana jira.

Ta rufe bakin. Ta jawo ƙaramar kujera ta zauna kusa da Kaka.

Ta ce, "Ban sani ba, Kaka. Faɗa mini, ina ji."

Jelmer ya ruga kicin yana ihu. "Mama! Mama! Zo ki ji abin da Malama Na-sani ta ce!"

Daga ranar ta koyi darasinta. Idan ana yi maka bayani, ka saurara har a gama. Abin da ba ka sani ba, ka tambaya kafin ka taɓa. Ita dai ta saurari Kaka har ya kai ƙarshen maganarsa, jariran kuwa suka girma da jar wutsiyarsu.