Wa Ke Ƙara Wa Kaka Ƙiba?

Ku matso kusa, yara, ku gyara zama, in ba ku labarin wata yarinya da kakanta.

A wani ƙaramin gari kusa da Gotha, a ƙasar Jamus, an yi wata yarinya 'yar aji biyar. Tana zaune da mamarta da kakanta, Tsoho Ottmar. Shekara arba'in Kaka ya yi yana fawa. Duk duniya ba abin da yake so kamar sosej, wato niƙaƙƙen naman alade da ake ɗurawa a hanji a gasa.

Ana nan sai ciwon zuciya ya kwantar da shi asibiti mako biyu. Ranar sallama likita ta ja masa kunne.

"Baba, ka rage kilo uku cikin wata biyu," in ji ta. "Abincin yamma kada ya wuce kalori ɗari biyar. In ba haka ba, asibiti za ka dawo ka kwanta."

Kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki. In ya yi yawa, sai jiki ya tara shi ya zama kitse.

Mama direbar bas ce, ba ta dawowa sai an gama cin abincin yamma. Don haka girkin Kaka ya koma hannun yarinyar.

Da ta je kanti, ta ɗauki ledar sosej mai guda biyar a ciki. Ta juya bayanta, ta ga an rubuta kalori ɗari uku. Murna ta kama ta.

"Leda guda ɗari uku kacal!" ta ce a ranta. "Ashe Kaka ba zai sha wahala ba."

Daga ranar, kullum yamma sai ta soya masa guda uku, ta haɗa da baƙin burodi. Kaka ya dubi faranti, ya dube ta. Ya cinye tas.

Bayan mako biyu Mama ta ɗora shi a kan ma'auni. Ta ware ido.

"Baba! Kilo ɗaya ka ƙara!"

"Ma'aunin nan ya tsufa, kamar ni," in ji Kaka.

Mama ta juya wurin yarinyar. "Ke me kike ba shi?"

"Abin da nake ba shi bai kai ɗari biyar ba, Mama. Na karanta da idona."

To, in ba daga girkinta ba ne, daga ina ne? Yarinyar ta fara zargi. Ta laluba aljihun rigar sanyin Kaka. Ta leƙa ƙarƙashin gadonsa. Har shinshina gemunsa ta yi.

"Ke 'yar sanda, me na sata?" Kaka ya tambaye ta.

"Zan gano ne, tsoho mai wayo."

Suna da maƙwabci, Baba Wendelin, abokin Kaka tun suna yara. Kullum da la'asar yakan zo su taka zuwa bakin kogi. Shi ma mayen gashin nama ne, ko yaushe hayaƙi na tashi a lambunsa. Yarinyar ta sa masa ido.

Ran Asabar ta laɓe bayan labule. Sai ga Baba Wendelin ya miƙo wa Kaka wani abu dogo ta saman shinge, a naɗe cikin jarida. Ta fito da gudu.

"Na kama ka! Kai ne kake ba shi sosej a ɓoye! So kake ya koma asibiti?"

Baba Wendelin ya janye ƙunshin. A hankali ya warware jaridar. Kokwamba ce guda biyu, daga lambunsa.

"Shekara sittin muna tare da kakanki," ya ce. "Ni ne zan cuce shi?"

Ya juya ya shiga gida. Washegari bai zo ba. Kwana uku Kaka na zaune a bakin taga, ba abokin tafiya. Ita kuwa yarinyar ba ta daina zargi ba. "Yau kokwamba ce," in ji ta, "sauran ranakun fa?"

Ran Laraba, malamar lissafi, Malama Hartung, ta sa kowa ya zo da ledar abinci daga gida. Yarinyar ta kawo tata ta sosej.

"Karanta mana," in ji malama.

"Kalori ɗari uku. Kitse giram ashirin da shida. Gishiri giram biyu. Sinadarin gina jiki giram goma sha huɗu."

"Madalla. A cikin nawa?"

"A cikin ledar mana."

"Ɗaga idonki sama kaɗan. Me aka rubuta da ƙananan baƙaƙe?"

Yarinyar ta matso da ledar. "A kowane giram ɗari," ta karanta.

"Ledar kuma nauyinta nawa?"

"Giram ɗari biyar."

"To, kin gani. Sosej biyar ne a ciki, kowane giram ɗari, don haka sosej ɗaya ne ke da kalori ɗari uku. Wanda ya ci uku, nawa ya ci?"

"Ɗari tara," in ji yarinyar. Ta sake duban ledar. Ashe wadda take nema ita ce da kanta.

Da aka tashi ta ruga gida tana kuka. Mama na shirin fita aiki. Ta kwashe komai ta gaya mata. Mama ta share mata hawaye.

"Ni ma da laifina, da ban duba tare da ke ba," in ji Mama. Sannan ta harari Kaka. "Kai fa, Baba? Mahauci guda, ba ka san kitsen da ke cikin sosej uku ba?"

Kaka ya sosa ƙeya. "Na sani sarai. Amma yarinya ta kawo da zuciya ɗaya, ga ƙamshi. Bakina ne ya fi ƙarfina."

"Har ka bari na zagi Baba Wendelin!" in ji yarinyar.

"Wannan kam ban kyauta ba. Tashi mu je tare."

Suka ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci. Yarinyar ta sunkuyar da kai.

"Baba Wendelin, ka yafe mini. Kuskurena ne, na ɗora maka."

Baba Wendelin ya dube ta, ya yi dariya. "Ya wuce, 'yata. Kai kuma Ottmar, tulun ƙiba, sa takalminka. Yau sai mun zaga kogin nan sau biyu."

Tun daga nan sosej ya koma na ranar Lahadi, guda ɗaya tak, da kabeji da dafaffen dankali. Sauran ranaku miya ce da ganye. Kaka ya yi ta ƙunƙuni, amma yana ci.

Da wata biyu suka cika, likita ta auna shi. Saura rabin kilo ya cika alƙawari. Ta saurari zuciyarsa, ta yi murmushi.

"Ka yi ƙoƙari, Baba. Koma gida, ka ci gaba a haka."

Yarinyar ta rungume kakanta har ya ce za ta karya shi.

To, yara, ku riƙe wannan. In za ku karanta bayan leda, ku karanta har ƙananan baƙaƙe. Kuma kafin ku zargi wani, ku fara duba aikin hannunku.