Zaliha ta Bayan Rumbu

"Ina take? Ku hiddo min ita in gani da idona!"

Ko sallamar ba ta ƙarasa ba ta faɗo tsakar gida. Gwaggo Asabe ce, ƙanwar uban Mainasara saurayin 'yar gidan. Motar farko ta biyo daga Anka zuwa Gummi, gyale ya zame mata har ƙugu ba ta sani ba.

Zaliha tana durƙushe bakin murhu tana ɗumama ruwa. Ta miƙe da sauri.

"Gwaggo, sannu da zuwa, an zo lahiya?"

"Riƙe gaisuwarki. Juya in gani!"

"In juya?"

"Juya nic ce!"

Ta juya, ba ta san abin da ake dubawa ba. Innarta ta fito daga ɗaki da ludayi a hannu.

"Asabe, lahiya? Wane irin sammako na wanga?"

"Ina lahiya, Hawwa'u? Anka duk ta ɗauka, har masu tallan hura! An ce ɗiyakku ta yi ciki!"

Ludayin ya faɗi ƙasa.

Zaliha ta dafe kai. Sai hawaye.

To, bari a koma baya, don wanda bai san tushen magana ba shi ke tsinka ta a tsakiya.

Mainasara direban babbar mota ne, ɗan Anka. Albasar Gummi yake kwasa ya kai Fatakwal, ya dawo da manja. A wajen lodin albasar wani manomi, Malam Makau, Mainasara ya fara ganin 'yarsa Zaliha ta kawo wa ubanta abinci fadama, ya ɗaga buhu ya manta inda zai ajiye shi. Daga ranar duk hanyar da zai bi sai ta ratsa ta Gummi, ko da kuwa Gusau aka aike shi.

Malam Makau bai so ba. Ba wai yaron na da aibu ba, sana'ar ce ba ta kwanta masa ba.

"Direba?" in ji shi. "Mutumin da gidansa ke da taya? Yau yana nan, gobe yana kurmi. Ni ban ba da ɗiyata ga abin da bai da saiwa."

Da damina Mainasara ya dawo daga tafiya da tsaraba. Wani saurayin turare zai kawo, ko atamfa. Shi sai ga shi da 'yar shuka a cikin gwangwanin madara, ya ɗauko ta a gaban mota tun daga Fatakwal yana ba ta ruwan shansa.

"Can na gan ta ƙohwar wani gida," ya ce wa Zaliha a zaure. "Hurenta ja wur, ya kai tahin hannu. Ina ganinta nit tuna ki."

"Mi as sunanta?"

"Sun hwaɗa min, harshena ya kasa ɗauka. Na raɗa mata naki."

"Kai dai, Mai Mota, ba ka rabo da neman magana!"

"Ai na samu, 'yar Gummi. Yanzu Zaliha biyu gare ni."

Malam Makau ya ga shukar da yamma. Ya murza ganyen, ya sansana.

"Ganye kamar na rama, amma ba a miya da shi. Ba a ci, ba a saidawa. Ga tsarabar direba!"

A gaban dattawan zaure ya yanke magana, har da buga sanda. In wannan abu na kurmi ya ga sanyin bakin gulbin Gummi ya rayu, har ya yi fure a gidansa kafin sanyin ya fita, to ya ba Mainasara 'yarsa. In ya mutu, magana ta mutu.

"Kuma mutuwa za ya yi," ya ƙara. "Ku shaida."

Dattawa suka shaida.

Zaliha ta dasa takwararta a bayan rumbu. Damina da kaka ba a sha wuya ba, shuka ta yi tsawo har gwiwa, ta wuce. Da hunturu ya kama sosai aka gane Malam Makau ba a banza ya yi furfura ba. Iskar asuba ta taso daga gulbi kamar reza. Ganye ya fara naɗewa, gefensa ya ƙone, biyu suka zube rana ɗaya.

Ranar Zaliha ko tuwo ba ta ci ba.

Ta farke tsohon buhun albasa ta ɗinka mata riga a keken ɗinkinta. Da magariba ta rufe, da hantsi ta buɗe ta sha rana. Ruwan randa ya yi sanyin da ko haƙori ba ya so, sai ta riƙa ɗumama shi kamar na wankan jariri.

"Daure, takwara," takan ce mata. "Ki rufa min asiri in rufa miki jiki."

Duk da haka ganye bai daina zuba ba.

Sai wata safiya ta tarar an kafa zana a gefen da iska ke bugowa, an ɗaure ta tam da igiyar rama, irin ɗaurin da hannun mace ba ya yi. Kashegari ga ƙaiƙayi an lulluɓe gindin da shi. Ta tambayi Inna.

"Ni? Da wanga ciwon baya?"

A makon ne kuma bargon Malam Makau ya ɓace. Bargo mai kauri, wanda ko Inna ba ta isa ta taɓa ba. Ya ce a bukkar fadama ya manta shi. Ya koma kwana da zanen gado, yana tari, yana faɗa da duk wanda ya yi masa sannu.

Zaliha ba yarinya ba ce. Ta tashi da asuba ta laɓe jikin rumbu. Sai ga Baba kafin ya wuce masallaci, ya waiga dama, ya waiga hagu, ya yaye bargonsa daga kan shukar. Ya durƙusa ya haska tocila. A kan reshe na sama ga wani ɗan toho kore, ya kumbura, bakinsa ya soma ja.

"Kai, kai, kai," ya ce a hankali. "Aradu ta yi ciki."

Haka manomi ke cewa in gero ya kumbura zai fid da kai. Shi bai san wata kalma ba.

Ya naɗe bargon ya cusa a ƙarƙashin rumbu, ya fita yana gyaran murya kamar ba shi ba.

Zaliha ta toshe baki da zane don kada dariya ta tona ta. Ba ta faɗa wa kowa ba. Namiji in ya buga sanda a gaban dattawa, ba 'yarsa ce za ta karya masa ita ba.

Amma murna ba ta zama a ciki. Lokacin wayar hannu ba ta iso Gummi ba, saƙo sai ta tasha. Ta kira ƙawarta Bilki.

"Ki ba wani mai zuwa Anka, a gaya wa Mainasara takwarata ta yi ciki. Shi ya san zancen."

Bilki ta kai saƙon yadda aka ba ta. Kuskurenta ɗaya, hannun da ta danƙa wa. Bala ɗan kamasho, wanda duk saƙon tashar ke bi ta wurinsa, ya taɓa zuwa zance wurin Zaliha sau biyu ana ce masa tana barci. Ya karɓi saƙo, ya cire kalma ɗaya ya sa aljihu, ya aika da sauran.

Sauran ne ya kawo Gwaggo Asabe.

"Gwaggo, don Allah ki saurare ni," Zaliha ta samu ta ce cikin kuka. "Ba ni ba ce, takwa..."

"Kowa haka taka cewa! Mu gidanmu ba a..."

Sai ƙahon babbar mota ya cika unguwa. Zaliha ta san wannan ƙaho ko a cikin dubu. Ashe shi ma ya ji.

Gwaggo ta yi zaure da sauri. Malam Makau ya dawo daga fadama ke nan, fartanya a kafaɗa, ya yi kiciɓis da Mainasara a bakin ƙofa. Zaliha ta bi ta tsaya bayan katanga. Sharaɗin fure duk ya fita daga ranta. Abu ɗaya take jira, abin da zai fito daga bakinsa.

"Kai!" in ji Gwaggo. "Ka ji abin da anka ce?"

"Na jiya, Gwaggo. Jiya da nid dawo, Bala da kanshi ya biyo ni har tashar Anka. Har da yi min jaje."

"To mi kac ce mai?"

"Ce mai niy yi alhamdu lillahi. Na saya mai goro na tukuici."

"Inna lillahi! Malam, ka ji ɗan yau! A gabanka!"

Malam Makau ya sauke fartanya a hankali. Bai san me ake ciki ba tukuna, amma fuskarsa ta canza.

"Wane zance na wanga?"

"Cewa anka yi Zaliha ta yi ciki!"

Mainasara ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, a gahwarce ni. Zaliha biyu gare ni cikin gidan ga. Guda na san gidan da ta hito, na san wa yar rene ta. Ko duk Zamhwara ta taru ta rantse min, ban saurare. Gudar kuwa, tun damina nike roƙon Allah ta yi cikin."

Bayan katanga Zaliha ta zame ta zauna. Kuka take, dariya take, ita kanta ba ta sani ba.

Malam Makau ya kalli yaron. Sannan ya ce, "Tashi. Shigo ciki. Asabe, ke ma biyo ni."

Aka ɗunguma bayan rumbu. Rikicin safiya ya hana Zaliha buɗe takwararta, kuma sanyin ranar ya yi tsananin da mai bargo bai yarda ya yaye shi da asuba ba. Ga shi nan shimfiɗe a kan zana, kowa na gani.

Inna ta riƙe haɓa.

"Malam, wanga ba bargonka ba na? Wanda kac ce yana hwadama?"

"Hawwa'u, ba shi muka zo dubawa ba."

Zaliha ta yaye bargon, ta cire rigar buhu. Toho ya ƙara kumbura, jan ya fito fili kamar an shafa masa jan baki.

"Ga mai cikin, Gwaggo."

Gwaggo ta sunkuya, ta duba, ta miƙe. Ba ta saba sauka da wuri ba.

"Hure? Hure na aka cewa ya yi ciki? Wace budurwa ka irin wagga magana? Wa yak koya miki?"

Zaliha ta sunkuyar da kai. Ta san amsar, amma ko za a yanka ta ba za ta faɗa ba.

Malam Makau ya yi tari. Ya sake yin tari.

"Ni nic ce."

"Kai, Malam?"

"Ni nic ce! Shekara nawa ina noma, ban taɓa tsayawa ina kallon shuka tana mutuwa gabana ba. Ko ta maƙiyina ta. Ba don yaron ga niy yi ba!"

"A'a, Baba," in ji Mainasara, yana danne dariya.

"Rufe min baki! Kuma sharaɗi na nan. Sai ta buɗe."

Ya ɗauki bargonsa zai tafi. Ya yi taku biyu, ya ji iskar da ke kaɗawa, ya dawo ya miƙa wa Zaliha.

"Da magariba ki maida. Kuma ki rage mata ruwa, kina cika shi."

Gwaggo Asabe ta ci tuwon gidan kafin ta tafi, ta riƙe hannun Zaliha tana cewa, "Ɗiyata, ki yahe min, bakin duniya na." A tasha kuwa ta tsaya ta yi wa Bala wankin babban bargo a gaban direbobi. Har yau in ka je ka ce Bala ɗan kamasho ba wanda zai gane. Sai ka ce Bala Ungozoma.

Kafin ya tashi motar, Mainasara ya samu ganinta a zaure.

"Ka tabbata ko kaɗan ba ka yi shakka ba?" ta tambaye shi.

"Na yi."

Ta ɗago da sauri.

"Na yi shakkar ko ta kai labari, da wanga sanyi naku."

"Allah ya shirye ka, Mai Mota!"

"Amin, sanyin idona. Ki kula min da ku duka biyu."

Ran wata Alhamis da hantsi, Zaliha ta yaye bargo ta yi ƙara. Fure ya buɗe, ja wur, ya fi tafin hannunta. Inna ta rangaɗa guɗa. Malam Makau ya zo a guje da takalmi ɗaya, sannan ya tuna shi dattijo ne, ya rage sauri.

Ya tsaya a kansa, hannu a baya.

"Hm. Ba a ci, ba a saidawa." Ya sunkuya ya taɓa gindin shukar. "Amma ta kama ƙasa. Yaron ma na ga ya kama."

Ya sa aka kira masa maƙwabcinsa mai zuwa Anka.

"Ka tahi gidan su Mainasara, ka ce su turo manya a sa rana. Ka ce in ji ni, Zaliha ta sauka lahiya."

"Malam!" Inna ta dafe ƙirji. "Za ka sake?"

Ya dube ta, ya dubi 'yarsa da ta rufe fuska da bargo tana dariya.

"To, ka ce ta bayan rumbu."