Abin da Fim Bai Nuna Ba

"Surukina mai bakin aku! Yau ma tsohon fim ɗin yaƙin nan ne?" in ji tsoho Walusimbi.

"Shi ne, Baba. Ai kai ka hana mu jefar da shi," in ji Lubega.

Namazzi ta yi murmushi, ta zaunar da mahaifinta a bencin gaba. Duk Lahadi da la'asar take riƙo hannunsa zuwa wannan gidan kallo na unguwar Kawempe. Tun da tsoho Walusimbi ya dawo daga yaƙi ba ya gani, amma ya ce da muryar Lubega yake kallo. Lubega ne mai fassara: Turawan fim na magana, shi yana juya wa jama'a da harshen Luganda ta lasifika, har da ƙarin gishiri. Asabar mai zuwa zai je gaishe da gwaggon Namazzi, a sa ranar aurensu.

Fim ya zo wurin da soja ke sallama da budurwarsa a tashar jirgin ƙasa. A nan Lubega ya saba cewa, "Ki ajiye mini dafaffiyar ayabata, kar ki ba maƙwabci!" kowa ya kwashe da dariya.

Yau kuwa ba haka ya ce ba.

"Masoyiyata... ki yafe mini. Ba zan iya barin ƙanina ya tafi shi kaɗai ba."

Tsohon ya damƙe hannun Namazzi.

"Sojan fim ɗin nan ba shi da ƙani," ya ce a hankali. "Yaron nan tafiya zai yi."

Ana tashi ta tare Lubega a bayan rumfa, tsohon na biye da sandarsa.

"Lubega, kalle ni! Gaskiya ne?"

"Ƙanina Kasozi ya shiga soja, za a kai su bakin daga. Mama ta yi ta kuka, na rantse mata zan bi shi in kula da shi. An ɗauke ni... jibi za mu wuce."

"Jibi? Shi ne ka rasa inda za ka gaya mini sai a gaban 'yan acaɓa da masu tallan gyaɗa?"

"Na kasa haɗa ido da ke, rabin raina. Shekara biyu ce kawai. Ki jira ni..."

"Ka rantse wa Mama. Ni da me ka rantse mini? Da bakin wani Bature?"

Ya durƙusa gaban tsohon. "Baba, kai soja ne. Kai za ka gane."

Walusimbi ya laluba ya dafa kansa.

"Na gane, ɗana. Ni ma haka na tsaya gaban uwarta, ƙirji a buɗe. Rana ɗaya aka tafa mini. Ita kuwa ja na ta yi ta yi zuwa banɗaki har ta mutu, ba wanda ya tafa mata. Fim ɗinku a tasha yake ƙarewa, ba ya bin matar gida."

"Baba, don Allah..."

"Yarinyar nan ta ja makaho ɗaya tun tana 'yar ƙarama. Ba zan ce ta jira ba, ba zan ce kar ta jira ba. Ga ta."

Namazzi ta dubi Lubega, hawaye na zuba. Tana son sa, har cikin ƙashinta take ji. Ta dubi hannun mahaifinta da ke lalubenta a iska.

"Allah ya tsare ka, kai da Kasozi," ta ce. "Ni zan gaya wa Gwaggo kar ta ɗora tukunya."

Lahadi ta zagayo, ta sake kawo tsohon bencin gaba. Wani sabon yaro ne riƙe da lasifika, yana ta zuba, jama'a na dariya.

Kafin fim ya kai wurin sallamar tasha Walusimbi ya miƙe.

"Mu je gida, 'yata. Ba na ganin komai."