Awa Biyu Daga Abijan

Wasila na dama wa surukarta kunu a tsakar gidansu na Tsarnawa, sai tsohuwar ta ɗago kai daga tabarma.

"Ɗiyata, kira mini Sabi'u, ki ce mai ya taho."

"Haba Inna, 'yar masassara! Sha kununki, gobe war haka kin miƙe."

Allah ya sani, Wasila ba muguwa ba ce, tausayin mijinta Sabi'u ne ya yi mata yawa. Bara ma an kira shi daga Abijan kan ciwon Inna, ya iso a gigice ya tarar da ita tana tankaɗe, da ya koma kuwa wani ya gaje masa tukubar tsirensa. Ga shi kullum a waya yana cika baki: "Kwantar da hankalinki! Daga hilin jirgin Abijan zuwa na Yamai awa biyu na. Kina aza tukunya, ina sauka!"

Wannan awa biyun ta riƙe. Duk sanda ya tambayi jikin Inna sai ta ce lafiya lau, har safiyar da tsohuwa ta daina gane mutane. Nan ta kira shi.

Bai samu kujerar jirgi ba sai kashegari. Jirgi kam bai yi ƙarya ba, awa biyun ya yi. Amma Yamai ba gida ba ce, akwai doguwar hanyar Konni da babu wanda ya taɓa sa ta a lissafi. Yana cikin mota wajen Doso rai ya yi halinsa, Inna ta cika, kuma a Tsarnawa ba a ajiye gawa jiran matafiyi. Da ya sauka, zaman makoki ya tarar.

Yayarsa Kyauta ko gaisuwa ba ta bari ya gama ba.

"Wagga yarinya ta hana ka ganin uwarka! Inna ta roƙe ta, ta ƙiya. Ko ka sallame ta, ko ni da gidan ga har abada!"

Wasila ta durƙusa, hawaye shaɓe-shaɓe, kunya kamar ta nutse. "Gaskiya Yaya ta hwaɗi. Ni na ɓoye maka. Duk abin da ka yanke, na ɗauka."

Sabi'u ya juya ya dubi yayarsa.

"Yaya, wa ya koya mata awa biyun? Ni na. Da ita nike ruɗin kaina in ƙi zuwa gida, wai ai ina kusa. Ita ta yi jinya, ni ina can ina gashin nama. In sakin na, da ni za a hwara."

Kyauta ta fice fuu! Wasila ba ta rama ba ko sau ɗaya, ta ci gaba da kai mata tuwo ana maido da kwanon a rufe, har ranar sadakar arba'in da Kyauta ta karɓa da hannunta, ta ce mata sannu. Haƙuri ya gyara zumunci, amma bai maido abin da ya wuce ba. Wanda duk mahaifi ya nema, a gaya masa nan take, kada a auna nisa da gudun jirgi.

Sai bayan nan Sabi'u ya iya tambaya. "Wasila, mi Inna ta ce daga ƙarshe?"

Ta sunkuyar da kai. "Ta ce, ya iso?"

"Mi kika ce mata?"

"Na ce kana bakin ƙohwa."